SHIGOWAR SABUWAR SHEKARA: AL'ADUN MUTANE DA MA'AUNIN MUSULUNCI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya rana da wata su zama ma'aunin kwanakin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi shigowar sabuwar shekara, da al'adun da mutane suka ɗora a kanta tun zamanin da har zuwa yau. Da za a tsaya a kasuwar Gure a tambayi jama'a yaushe ne shekara take kamawa, da an sami amsa iri uku. Ma'aikacin gwamnati zai ce ran 1 ga Janairu. Malamin zaure zai ce ran 1 ga Muharram. Manomi kuwa zai dubi gabas ya ce sai ruwan shuka ya sauka. Kowannensu yana da gaskiya a fagensa. Illar tana zuwa ne idan aka ɗauki lissafin wani fage aka kai shi wani, domin akwai zakka da idda da azumi da suka rataya a kan ɗaya daga cikin ukun nan, ba su karɓar sauran biyun.

GURE DA LISSAFINTA UKU

Garin Gure yana gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, kuma shi ne tsohon mazaunin sarautar Muniyo, wadda ta kasance ƙarƙashin daular Barno. Barebari da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye sun daɗe suna cuɗanya a wannan ƙasa. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Gure a watan Disamba na 1852, ya iske Muniyoma Koso a kan gadon sarauta. Shi baƙon ne kaɗai yake cewa 1852. A wurin malamai da marubutan fada, shekarar 1269 ce ake ciki, domin wasiƙun sarakunan Barno da Damagaram da Larabci ake rubuta su, da lissafin Hijira kuma ake sa musu kwanan wata.

Lissafin Miladiyya ya shigo mana ne tare da Faransawa, waɗanda suka ci Damagaram a 1899, suka kuma mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai. Tun daga nan haraji da albashi da makarantar boko da takardar haihuwa suka koma bin Janairu zuwa Disamba.

Lissafi na uku ya girmi biyun nan a wannan ƙasa, shi ne na manoma da makiyaya, wanda yake tafiya da bazara da damina da kaka da ɗari. Da shi ne Bahaushe yake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Malamanmu ma suna da lissafin taurari 28 da suke gane lokutan shekara da shi: kowane tauraro kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365. Tsofaffi kuma sukan raɗa wa shekara sunan abin da ya auku a cikinta, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko El-Buhari ta 1984. Haka Larabawa suke yi kafin Musulunci, shi ya sa aka san haihuwar Manzon Allah (S.A.W.) da Shekarar Giwa.

YADDA SAURAN AL'UMMU SUKE TARBAR SHEKARA

Da wuya a sami al'ummar da ba ta ware wata rana ta ce daga nan shekara ta fara ba. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun riƙa yin wani biki mai suna Akitu a farkon bazararsu, suna shafe kwanaki fiye da goma suna hidimar gumakansu, sarkinsu kuma yana sabunta mulkinsa a gaban babban gunkin. Misirawan zamanin Fir'auna sun ɗaura farkon shekararsu a kan cikar kogin Nilu da ɓullowar tauraron Shi'ira da asuba, tauraron nan da aka ambata a ƙarshen Suratun Najmi. Sun raba shekara wata 12, kowane wata kwana 30, sa'an nan suka ƙara kwana 5 a ƙarshe. Wannan tsari bai mutu ba. Kiristocin Masar da mutanen Habasha suna bin irinsa har yanzu, sabuwar shekararsu tana kamawa ran 11 ga Satumba, wani lokaci ran 12, kuma ƙidayar Habasha tana bayan ta Turawa da shekara 7 zuwa 8.

Farisawa suna da Nairuz, wanda yake zuwa ran 20 ko 21 ga Maris, sa'ad da dare da rana suke daidaita. Sukan share gida tas, su jera abubuwa bakwai da sunansu ya fara da harafin sinun, su tsallake wuta a daren Larabar ƙarshe ta shekara, su yi kwana 13 suna ziyarce-ziyarce. Mutanen Sin suna shiga tasu shekarar tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Su ma sukan share gida, su biya bashi kafin ranar, iyali su taru daga nesa su ci abinci tare, manya su ba yara kuɗi cikin jar takarda, a yi ta wasan wuta har kwana 15. Kowace shekara tana da sunan dabba ɗaya daga cikin 12, kuma da yawansu suna danganta halin mutum da dabbar shekarar da aka haife shi.

Yahudawa suna fara shekara a watansu na Tishri, wajen Satumba ko Oktoba. Sukan busa ƙahon rago, su ci tuffa da zuma don fatan shekara mai zaƙi, sa'an nan su yi kwana goma na tuba, su rufe da azumi a rana ta goma. A ƙasar Tailan ana watsa wa juna ruwa daga 13 zuwa 15 ga Afrilu. Kusa da mu, Barbar na Arewacin Afirka, dangin Buzaye, suna da Yannayir a tsakiyar Janairu, bikin manoma ne da ake dafa abinci mai yawa, kuma Aljeriya ta mai da shi ranar hutu tun daga 2018.

A nan ƙasar Hausa ma, kafin Musulunci ya game ko'ina, Azna suna da buɗin daji bayan kaka. Ba a shiga farauta sai an yi shi, kuma a wurin ne masu duba suke faɗin abin da suke zaton shekara za ta zo da shi, na ruwa ko fari ko annoba. Garin Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni ya shahara da wannan.

Idan muka dubi waɗannan al'adu gaba ɗaya, za mu ga abu biyar suna ta maimaituwa, ko da mutanen ba su taɓa jin labarin juna ba: tsabtace gida da jiki, sauke bashi da neman gafarar juna, cin abinci tare da dangi, wasa da wuta ko da ruwa, sai kuma ƙoƙarin leƙen abin da gobe za ta haifar. Mu riƙe waɗannan biyar, domin da su za mu auna namu al'adun.

ASALIN 1 GA JANAIRU

Mutane da yawa suna zaton 1 ga Janairu idin Kirista ne. Asalinsa ya girmi Annabi Isa (A.S.). Rumawan farko suna fara shekara ne a watan Maris, shi ya sa sunayen Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba a harshensu suke nufin na bakwai da na takwas da na tara da na goma. A shekara ta 153 kafin Miladiyya suka mai da ranar kama aikin shugabanninsu 1 ga Janairu, watan da ya ci sunan wani gunkinsu mai fuska biyu, ɗaya tana duban baya ɗaya tana duban gaba. Yuliyas Kaisar ya gyara lissafin, gyaran ya fara aiki a shekara ta 45 kafin Miladiyya, shekara ta zama kwana 365, ana ƙara kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu.

Bayan Turai ta karɓi Kiristanci, ƙasashe da yawa sun bar Janairu, wasu suna farawa ran 25 ga Disamba, wasu ran 25 ga Maris. Sai a 1564 sarkin Faransa ya yi doka cewa a koma 1 ga Janairu. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sake gyara lissafin, aka tsallake kwana 10, mutane suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba suka tashi ran Juma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi wannan gyara ba sai a 1752. Ke nan ranar da wasu samarinmu suke raya darenta da kiɗa da tseren babura, su kansu masu ita sun yi ɗaruruwan shekaru ba su daidaita a kanta ba.

ASALIN SHEKARAR HIJIRA

Watanni 12 na ƙamariyya sun riga Hijira, kuma Alƙur'ani ya tabbatar da adadinsu a aya ta 36 ta Suratut Tauba, ya kuma bayyana cewa huɗu daga cikinsu masu alfarma ne. Sunna ta fayyace su: Zulƙida da Zulhajji da Muharram da Rajab. Larabawan Jahiliyya sun kasance suna jirkita watanni, su gusar da alfarmar wani zuwa wani don biyan bukatarsu, sai aya ta 37 ta wannan sura ta haramta hakan.

Abin da ba a da shi a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) da na Sayyidina Abubakar shi ne lambar shekara. A zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, daula ta faɗaɗa, wasiƙu da takardun bashi suka yawaita. Masu tarihi sun kawo cewa Abu Musal Ash'ari ya koka da yadda wasiƙun halifa suke iske shi ba shekara a jikinsu, har a rasa wadda ta riga wata. Sai halifa ya tara sahabbai, wajen shekara ta 17, wadda ta yi daidai da 638 Miladiyya. Aka kawo shawarar a fara daga haihuwar Annabi, ko daga aiko shi, ko daga wafatinsa. Daga ƙarshe aka tsaya a kan Hijira, domin ita ce ta raba tsakanin zaman ƙunci a Makka da kafuwar al'umma a Madina, kuma ba a yi saɓani a kan shekararta ba.

A nan akwai abin lura. Manzon Allah (S.A.W.) bai yi hijira a watan Muharram ba, a Rabi'ul Awwal ya isa Madina, cikin Satumbar 622. An zaɓi Muharram ya zama farkon shekara ne domin shi ne watan da alhazai suke komawa gida, kuma shi ne ya biyo bayan mubaya'ar Aƙaba, inda aka ƙulla niyyar ƙaura. Sahabbai sun kafa wannan lissafi don tsare haƙƙoƙi da alkawura. Ba su mai da 1 ga Muharram idi ba, ba su kuma ware masa wata salla ko wani azumi na daban ba. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi (S.A.W.) ya iske mutanen Madina da kwana biyu na wasa a shekara, ya sanar da su cewa Allah ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar salla da babbar salla. Idin Musulmi biyu ne ke nan a shekara.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Saboda haka duk shekara 33 ta wata daidai take da kusan 32 ta rana. Shekarar 1380 ta kama a ƙarshen Yunin 1960, makonni kaɗan kafin Nijar ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta. Shekarar 1447 ita ma ta kama a ƙarshen Yunin 2025. Wanda aka haifa a wancan lokaci, zuwa ƙarshen Yunin 2025 takardarsa ta ce ya shekara 65, alhali ya ga watan azumi 67. A 2008 kuwa sau biyu Muharram ya kama, a Janairu da kuma a Disamba. Hikimar wannan zagaye a fili take: azumi da hajji suna ratsa zafi da ɗari da damina, ba a bar wata ƙasa da wahala kullum wata da sauƙi kullum ba.

ASHURA

Ibadar da ta tabbata a wannan wata ita ce azumi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da Manzon Allah (S.A.W.) ya zo Madina ya iske Yahudawa suna azumtar ranar goma, domin a ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa (A.S.) da mutanensa daga Fir'auna. Ya nuna cewa Musulmi ne suka fi cancantar Annabi Musa, ya azumci ranar, ya yi umurni a azumce ta. Da aka farlanta azumin Ramalana a shekara ta 2, sai na Ashura ya zama na neman lada. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana fatan ya kankare zunubin shekarar da ta gabata, kuma a ƙarshen rayuwarsa Annabi (S.A.W.) ya yi niyyar haɗawa da ranar tara, wato Tasu'a. Littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, sun lissafa azumin Ashura cikin abin da ake so.

A wannan rana ce kuma, a shekara ta 61, aka kashe Sayyidina Husaini, jikan Manzon Allah (S.A.W.), a Karbala. Babu Musulmin da wannan musiba ba ta sosa zuciyarsa. Sai dai azumin ranar ya riga aukuwarta da shekaru kusan 60, kuma shari'a ta koya mana haƙuri da addu'a a lokacin rashi.

CIKA-CIKI DA SHARA

Bahaushe ya raɗa wa watanni sunayensa: watan azumin tsofaffi, watan sha ruwan tsofaffi, watan azumi, watan ƙaramar salla, watan bawa, watan babbar salla. Muharram kuwa shi ne watan cika-ciki. A daren Ashura uwargida takan fito da abin da ta ɓoye na naman layya, musamman wutsiyar rago ko busasshen kai da ƙafa, a yi tuwo mai yawa da miya mai kyau, a aika wa maƙwabta da dangi, kowa ya ci ya ƙoshi. Akan tsoratar da yara cewa wanda bai cika cikinsa a daren ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo, ko kuma za a cika masa shi da wuta. A wasu garuruwa samari sukan kunna wutar kara su yi ta zagaye da ita cikin dare.

A watan nan ne kuma ake biyan shara. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, sukan bi juna kuɗin shara cikin raha da zolaya, haka jikoki da kakanni, haka ƙabilun da ke wasa da juna, kamar Barebari da Fulani, wanda duk mutumin Gure ya san zafinsa da daɗinsa. Hukumar UNESCO ta sanya wasan dangantaka na Nijar cikin al'adun duniya abin tattali a 2014.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Agadas ana yin Bianu, inda samarin gabas da na yammacin gari suke fitowa da ado da tambura. A Senegal ana kiran ranar Tamharit, ana cin dambun gero da nama har a ƙoshi. Yarbawan garin Epe suna da Kayokayo, ma'anarsa ci ka ƙoshi. Dagombawan arewacin Gana suna da Bugum, bikin wuta na daren tara ga wata. A Maroko ma sukan ajiye busasshen naman layya don wannan rana, yara su hura wuta, a watsa wa juna ruwa. Wannan ya nuna mana cewa al'adar ta bi hanyoyin fatauci da na malamai, ta kuma gauraya da abin da ta iske a kowace ƙasa.

Game da yalwata wa iyali abinci a ranar Ashura, akwai wani hadisi da ake kafa hujja da shi. Malamai sun yi saɓani a kansa. Baihaƙi yana ganin hanyoyinsa, ko da yake raunana ne, suna ƙarfafa juna, kuma malaman Malikiyya da dama sun so a yi aiki da shi. Ibnu Taimiyya da wasu sun ce bai inganta ba. Tun da magabata sun saɓa, bai kamata mas'alar ta raba masallaci ko ta ɓata zumunci a tsakaninmu ba.

MA'AUNI

Ƙa'idar malamai ita ce, ibada ba a yin ta sai da dalili, al'ada kuwa halal ce sai in ta ci karo da shari'a. Mu ɗauko abubuwa biyar ɗin nan mu ɗora su a kan wannan ma'auni.

Na farko, tsabta. Abin so ce a kowace rana. Kuskuren shi ne a ƙudurta cewa wani wanka ko kwalli na ranar Ashura yana kare mutum daga cuta har shekara.

Na biyu, sauke bashi da neman gafara. Wannan wajibi ne da ba ya jiran Muharram, amma in ƙarewar shekara ta tuna wa mutum bashin gero ko na kuɗi da ke wuyansa, to madalla.

Na uku, ciyarwa da zumunci. A nan al'adarmu ta yi kyau ƙwarai. Shara kyauta ce da ke raya dangantaka, kuma sau da yawa wasan taubasai ya kashe wutar rigimar da alƙali bai iya kashewa ba. Sharaɗi shi ne kada ta zama tilas a kan wanda ba shi da hali, kada kuma wasa ya kai ga cin mutunci. Abin bari shi ne cin da ya wuce kima, da tsoratar da yara da azabar da Allah bai faɗa ba, domin faɗin abin da zai sami mutum a lahira ba ya halatta sai da nassi. Mu kuma lura cewa a 2025 Ashura ta faɗo a farkon Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, manomi yana gona da ɗan abin da ya rage. A shekarun da watan yake zuwa a irin wannan lokaci, gidan da ya sami halin ɗora babbar tukunya ya fara tuna gidan da ba a hura wuta ba.

Na huɗu, wasa da wuta. Ba shi da asali a addini, kuma a garuruwanmu masu dangar kara da zana da rumbuna, ga iska, ɓarnarsa a fili take. Haka tseren babura da shaye-shaye na daren 31 ga Disamba. Maƙwabtanmu Kirista suna da haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar mu'amala a kanmu, wannan dabam, sakin ƴaƴanmu su kwana a titi kuma dabam.

Na biyar, leƙen gaibu. Wannan shi ne mafi hatsari, domin ya taɓa tauhidi. Ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar da cewa sanin abin da rai zai aikata gobe na Allah ne shi kaɗai. Duk ɗaya ne, ko mai buɗin daji ne ya faɗa, ko mai bugun ƙasa, ko mai cewa tun da shekara ta kama ran kaza to za a yi kaza, ko shafin taurari na jarida da wayar hannu. Wannan bai shafi lissafin taurari na sanin lokacin shuka ba, ko hasashen ma'aikatan yanayi, domin su suna duban alamomin da Allah ya sanya ne, ba su da'awar sanin gaibu.

HUKUNCE-HUKUNCEN DA KE BIN WATA

Zakkar kuɗi da ta kayan kasuwa tana wajaba ne idan dukiya ta kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 na zinariya, kuma shekarar wata ta zagayo a kanta. Ana fitar da ɗaya cikin 40. Misali, ɗan kasuwar da ke juya sefa miliyan 10, zakkarsa jika 250 ce. Idan ya ce shi sai ƙarshen Disamba yake lissafi, to kowace shekara ya jinkirta haƙƙin talakawa da kwana 11, kuma cikin shekara 33 zakkar shekara guda cur ta salwanta a hannunsa. Haka kuma ba dole ne shekarar zakkar kowa ta kama a Muharram ba. Kowa yana ƙirgawa ne daga watan da dukiyarsa ta cika nisabi.

Zakkar hatsi ba ta jiran shekara, ranar girbi ake fitar da ita: ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Takabar matar da mijinta ya rasu, in ba ta da ciki, wata huɗu ne da kwana goma, da watan sama ake ƙirga su. Haka azumin kaffara na wata biyu a jere. Wanda bai san kwanan watan Musulunci ba, yaya zai tsare waɗannan?

KAMMALAWA

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa yara sunayen watanni 12 a jere, a kuma riƙa rubuta kwanan watan Hijira a allon aji tare da na Miladiyya. Muna kira ga limamai su riƙa sanar da tsayuwar kowane wata, ba na azumi da na salla kaɗai ba. Ƴan kasuwa su rubuta watan zakkarsu a littafin shago. Mai gida ya rubuta ranar haihuwar ɗansa da lissafi biyu. Wanda ya sami iko ya azumci tara da goma ga Muharram, ya ciyar da iyalinsa da maƙwabtansa gwargwadon hali, ya biya taubashinsa shara da sakin fuska. Kowannenmu kuma ya zauna ya yi wa kansa hisabi: sallolin da ya yi sakaci da su, haƙƙin wani da ke hannunsa, ɗan'uwan da ya daina gaisawa da shi. Waɗanda muka ci tuwon cika-ciki da su bara, ba dukansu ne za su ci na bana ba.

Allah ya sa mu shiga sabuwar shekara da imani da lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, shi ne kuma mafi sani.